Damaris Tamu Ce

"Kar ki taɓa, Maman Friday, bai bushe ba."

Malam Zakariyya'u ya ɗaga kular abincin sama yana hura mata iska da baki. Shuɗiya ce mai hawa uku, ya rubuta TONY a jikinta da jan fenti, har da 'yar lanƙwasa a wutsiyar harafin ƙarshe, don Malam mutum ne mai son a san ya iya hannu. Shagonsa na bakin titin Abuja ne a Gonin Gora, tsakanin mai faci da mai gasa masara. Damaris ta janye yatsanta ta gyara riƙon ledar da ke hammatarta.

"Shi kuma wannan ina ya nufa?" in ji Malam.

"Abuja."

"Kullum Abuja! Wai ita Abujar nan ba ta cika ne? Manaja na nawa ke nan kike rakawa da kula?"

"Malam, na daina ƙirga. Kai da kake cin ribar tafiyarsu kai za ka sani."

Ya yi dariya har da tari. Ai kuwa gaskiya ta faɗa. Kamfanin ƙyanƙyasar 'yan tsaki na Oga Okechukwu da ke Kakau ya zama kamar tashar mota: wannan ya sauka, wancan ya hau. Yaro zai zo bai san kan ƙwai daga gindinsa ba, a koya masa, hannunsa na faɗawa sai ka ji ya samu wani wurin. Kuma al'adar gidan ce duk mai tafiya, daga mai shara har manaja, sai ma'aikata sun yi karo-karo an saya masa kula an rubuta sunansa, wai ko ina ya je ya riƙa tuna inda ya ci abinci. Damaris ce ta ƙirƙiro abin, ita ce kuma har yau take zuwa saye.

"To wa zai gaje shi?" Malam ya tambaya, idonsa a kan ledar hammatarta, inda dunduniyar sabon takalmi ta leƙo.

"Oga bai faɗa ba tukuna."

Ta kau da kai don kar ya ga murmushinta. Ita take so. Wallahi tana son kujerar nan har cikin ranta. Shekara goma sha huɗu tana tsaye a ɗakin tantance 'yan tsaki, jijiyoyin ƙafarta duk sun fito ruɗu-ruɗu, kuma duk manajan da Oga ya ɗauko daga waje ita ke zagayawa da shi ta nuna masa ƙofofi. Wannan karon da Mista Tony ya ce zai tafi, ba ta tsaya kunya ba. Ta sami Oga ta ce, "Oga, ka duba ni mana." Ya sosa ƙeya ya ce zai duba. Washegari ya miƙa mata makullan ofis ya ce ta riƙe wurin kafin ranar bankwana, tunda Tony na cin sauran hutunsa. Yau ce ranar, kuma makullan na ƙugunta.

Motar kamfani ta tsaya tana hon. Dalhatu direba ya leƙo kai ta taga.

"Ranki ya daɗe, Madam Manaja! A buɗe miki baya ne ko za ki yi maneji da mu talakawa a gaba?"

"Dalhatu, bakinka zai ja maka wata rana."

"Ni dai in an rantsar da ke, a tuna da tayoyina. Sun fi kan Oga sanƙo."

Ta shiga ta ɗora kular a cinya. Motocin Abuja na ta wuce su fuu, kowace shaƙe da mutane da jakunkuna. Ba ta taɓa hawa titin nan da kula a cinya ba tare da ta tuna Eunice ba, don ta farko ita ta saya wa.

Tare aka ɗauke su aiki, tare suka koyi riƙe ɗan tsako ba tare da an matse shi ba. Teburi ɗaya, kafaɗa na gugar kafaɗa. Eunice ce mai waƙa, waƙoƙin zumuntar mata ta coci take jerawa tun safe, in ta manta baiti ta cike da sunan Oga. Da rana su zauna a bayan ɗakin janareta su ci daga kwano ɗaya. Da aka tsallake Eunice aka kawo wani manaja daga Ibadan, ta tuɓe takalmin robarta ta ce wa Damaris, "Dama, zo mu tafi. Wurin nan ba ya ganin na kusa." Lokacin mijin Damaris bai daɗe da rasuwa ba, Friday kuma yana firamare. Ina za ta? Ta raka ta tasha da jar kula, ta dawo tana kuka a cikin keke. Da fari kullum suna waya, daga baya sai ran Lahadi, daga baya sai gaisuwar Kirsimeti. Ba faɗa, ba komai, nisa ne kawai. Har yau in injin ƙyanƙyasa ya yi shiru, Damaris takan waiwaya hagunta kamar za ta ji waƙa.

A ƙofar kamfani ta sa takalmin roba, ta tsoma ƙafa a ruwan magani, ta shiga. Ranar fitar kaya ce. 'Yan tsaki sun cika ɗakin da ciu-ciu har mutum ba ya jin maganar na kusa da shi. Ta tsaya a wurinta tana ɗagawa tana dubawa, mai lafiya dama, mai rauni hagu, a yi musu rigakafi, a zuba a kwali mai huji, Dalhatu ya loda. Sababbin 'yan mata biyu da aka ɗauka watan jiya suna gefenta suna koyo. Ɗaya daga cikinsu tun yanzu ta fara tambayar nawa ake biya a gonakin Abuja.

Da aka gama lodi ta je ta buɗe ofis. Ɗan ɗaki ne, ba wani abin a zo a gani: teburi, fanka, da taga mai kallon titi. Sai kujerar, baƙa mai juyawa, hannunta ɗaya an ɗaure da waya. Duk kwanakin nan da take riƙe da makullai a tsaye take yin aikin ofis ɗin, ta goge kujerar da safe, ta goge da yamma, amma ba ta taɓa ɗora mazaunanta a kai ba. A gidansu ba a zama sai an ce zauna. Ta dafa bayan kujerar ta ɗan juya ta, ta ji ƙafafunta na zugi. Daga nan ta tuɓe robar ta sa sabon takalmin, ruwan ƙasa mai ɗan tudu. Ya matse ta a yatsa, amma mai shagon ya ce zai saki.

An jera benci a ƙarƙashin mangwaro. Akwai shinkafa dafa-duka, akwai lemo, kaza kuwa ai gidanta ne. Mista Tony ya yi jawabi ya ce ba zai taɓa mantawa da su ba, kamar yadda na gabansa ya ce, kamar yadda na gaban na gabansa ya ce. Damaris ta miƙa masa kula aka yi tafi, ya juya ta yana karanta sunansa. Oga ne kawai bai iso ba, wai ya je tashar jirgin ƙasa ɗauko baƙo. Dalhatu na ta zungurar na kusa da shi yana nuna takalminta da leɓe.

Can sai ga motar Oga ta shigo. Ya fito yana goge sanƙonsa da hankici, ya zagaya da kansa ya buɗe ɗaya ƙofar. Wata mace ta sauko, ta yi ƙiba, ta sa tabarau, gashi a gyare. Amma yadda ta tsaya ta karkata kai tana kallon mangwaron, ko a cikin dubu Damaris za ta gane ta.

"Yesu! Eunice!"

Ba ta san lokacin da ta ruga ba. Suka rungume juna suna tangaɗi, suna dariya, suna kuka, ɗankwalin Damaris ya faɗi ƙasa. "Ke ce? Ke ce da gaske? Ko waya ba za ki yi ba, muguwa!" Eunice ta ƙara ƙanƙame ta. Da Damaris na cikin hayyacinta da ta lura rungumar ta yi tsawo, irin ta mai neman gafara.

Oga ya tafa hannu aka yi shiru. Haifaffen Kakuri ne, Hausa a bakinsa kamar ruwa. Ya gode wa Tony. Ya ce kamfani na girma, zamani ya canza, ana bukatar wanda ya ga yadda manyan gonaki ke aiki. Ya ce ya yi dogon tunani, ya nemo ƙwararriya daga Abuja, kuma abin daɗin shi ne ba baƙuwa ba ce. "Ga sabuwar manajarku, Madam Eunice."

Aka yi tafi. Damaris ma ta tafa, don hannuwanta sun riga kanta fahimta. Dalhatu ne kawai ya sunkuyar da kai yana kallon lemonsa. Kunya Damaris ta ji, kunyar takalmin nan fiye da komai, don kowa ya gan shi kuma kowa ya san dalilinsa.

Oga ya nufo ta fuska a sake, ya miƙo hannu. "Maman Friday, makullan. Kin gani? Na dawo miki da 'yar'uwarki. Na san yau ba mai farin ciki kamarki."

Kuma fa har zuciyarsa yake nufi, abin da ya fi ciwo ke nan. Ta kwance makullan daga ƙugunta.

"Oga, maganar da na yi maka fa?"

"Haba, Maman Friday. In na ɗauke ki daga ɗakin 'yan tsaki wa zai riƙe min shi? Yaran nan yau suna nan, gobe ba su. Ke ce ginshiƙin gidan nan. Za mu duba wani abu a albashinki."

Ya karɓi makullan ya wuce wajen shinkafa. Sabo da kaza dai ba ya hana yanka, ita da ke aikin kaji ai bai kamata a tuna mata ba.

Ta zame ta tafi bayan ɗakin janareta. Bulon da suke zama a kai yana nan, ya yi baƙi da hayaƙi. Ta zauna ta tuɓe takalmin, ƙaramin yatsanta har ya tashi. Ba ta daɗe ba ta ji taku. Eunice ce, riƙe da wata tsohuwar kula ja, murfinta ya tsage an liƙe, fentin jikinta ya goge saura E da U da rabin N.

"Matsa min," in ji Eunice.

"Madam, za ki ɓata siket."

"Dama, in kika ƙara ce min Madam a nan sai na kwaɗa miki murfin nan."

Ta zauna ta buɗe. Faten acca ne da yakuwa, da ɗuminsa. Ta ce tun asuba ta dafa a Abuja, ta riƙe shi a cinya cikin jirgi. Ta fito da cokali biyu. Damaris ta so ta ce ta ƙoshi, amma ƙamshin ya mayar da ita shekarun da ƙafarta ba ta ciwo. Ta karɓa. Suka ci tare, kafaɗa na gugar kafaɗa, janareta na ruri a bayansu. Allah sarki, abin da take ta kewa ke nan shekara da shekaru, ga shi ya zo, amma ya zo a cikin motar Oga.

"Kin sani?" Damaris ta tambaya. "Kin san na nema?"

"Ban san kin nema ba. Amma na san ke ya kamata." Eunice ta ajiye cokali. "Da ya kira ni, abin da na fara ce masa ke nan. Na ce, Oga, Damaris fa?"

"Ya ce me?"

Eunice ta ɗauki cokalin tana juya faten.

"Faɗa min. Yau ba abin da ya rage da zai ba ni kunya."

"Ya yi dariya. Ya ce, Damaris tamu ce, ba inda za ta."

Damaris ta gyaɗa kai a hankali. Ba zagi ba ne. In ma ka bi ta wani gefen yabo ne, irin yabon da ake yi wa turmi. An ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, amma a gidan Oga Okechukwu wanda ya bari shi ake zuwa ɗaukowa a tasha.

"Na so in ƙi," in ji Eunice. "Wallahi na kwana uku ina juyawa. Amma Mamata tana nan unguwar Trikania, ba ta iya tashi yanzu sai an ɗaga ta. Kuma na gaji da Abuja, Dama. Ɗaki ɗaya, ba wanda ya san sunan mahaifinka. In na ci abinci a kular nan sai in riƙa jin janaretan nan a kunnena. Na ce ko ban karɓa ba wani zai kawo, gara ni. Na yi kewarki."

"Ni ma."

"To ki yi haƙuri mu zauna. Zan sa a kawo miki kujera ɗakin tantancewa. Da rana mu zo nan, kamar da."

Kamar da. Damaris ta lumshe ido, ta ga abin sarai: waƙa da safe, fate da rana, tafiya gida tare. Ranta ya so, ya so ƙwarai. Sai ga ɗaya daga cikin sababbin 'yan matan ta leƙo, ta rusuna wa Eunice ta ce, "Ma, Oga na kira a ofis." Ko kallon Damaris ba ta yi ba. Eunice ta ce tana zuwa, yarinyar ta koma.

"Can inda kika baro," in ji Damaris, "wa ya hau kujerarki?"

"Ba kowa tukuna. Nema suke." Eunice ta dube ta da sauri. "Har mai gonar ya ce in na san wani a Kaduna in turo masa, ko gobe. Ya ce yana son sabon jini daga waje."

"Daga waje."

"Haka suke duka."

"Su ba su da kowa a ciki? Ba wadda ta daɗe?"

Eunice ta rufe kular, ta daɗe tana murɗa murfin da ya riga ya rufu.

"Akwai," ta ce. "Becky sunanta. Ita ta nuna min ƙofofi ranar da na je."

"Tana jira?"

"Tana jira."

Daga ofis aka ji muryar Oga yana kiran Madam Eunice. Ta tashi ta kaɗe siket, ta yi taku biyu ta juyo.

"Dama, yau na dawo. Yau ɗin nan. Kar ki ce min..."

"Ba ni lambar mai gonar," in ji Damaris.

Eunice ta tsaya hawaye na bin gefen tabarau. Daga ƙarshe ta karɓi wayar Damaris ta danna lambar da kanta, ta mayar mata, ta matse hannunta, ta tafi amsa kira.

Da aka tashi Dalhatu ya rage mata hanya. Tun daga Kakau bai yi tsokana ko ɗaya ba, rediyo ma bai kunna ba. Da ta ce ya sauke ta a shagon Malam maimakon kwanar gidansu, ya dube ta, ya dubi silifas ɗin ƙafarta da takalmin da ya koma leda, ya ce, "Allah ya sa haka ya fi alheri, Anti." A gida ba mai jiranta, Friday na makaranta a Zariya.

Rana ta yi sanyi, mai masara na fifita garwashi. Malam Zakariyya'u ya fara shigar da kaya, da ya gan ta ya ajiye bokitin hannunsa.

"A'a, Maman Friday! Sau biyu a rana? Ko an rantsar ne, an zo ba mu goro?"

"Kula nake so, Malam. Ja, in akwai."

"Wani kuma? Kai, wannan kamfani naku! Ko karo-karon ba ku huta ba."

"Wannan ni zan biya."

Ya shiga ya lalubo ja mai hawa biyu, ya goge ta da gefen rigarsa. Ya ce jan fenti ba zai fito a kan ja ba, ya buɗe gwangwanin fari, ya tsoma ɗan burushinsa ya zauna a bakin benci.

"Wane suna?"

"Damaris."

"Wace ce kuma Damaris? Sabuwa ce?"

Shekarun nan duka Maman Friday ya sani. Ta kalli titi, wata doguwar mota ta wuce ta nufi kudu.

"Tsohuwa ce, Malam. Rubuta kawai."

Ya ɗago ya dube ta da kyau, ya dubi ledar hammatarta. Ya sunkuya ya rubuta a hankali, harafi bayan harafi, bai yi lanƙwasar nan tasa ba. Da ya gama ya ɗora kular a kan benci tsakaninsu.

"Zauna mana," ya ce. "Sai ya bushe."

Ta zauna. Tana kallon sunanta yana sheƙi, tana maimaita wani sunan a ranta, Becky, Becky, don kar ta manta da shi ranar da za a nuna mata ƙofofi.